Yadda kimiyya da lissafi suka shiga dandalin barkwanci

A Birtaniya da Jamus da Amurka, manyan mutane na yankar tikiti da kuɗinsu domin su shiga zaure da dare su kalli masana kimiyya da lissafi suna ba da dariya, kamar dai yadda ake zuwa kallon mawaƙa ko 'yan wasan kwaikwayo.

Ba lacca ake yi a irin waɗannan taruka ba, kuma ba a shirya su domin yara 'yan makaranta ba. Ana yin su ne a gidajen wasan kwaikwayo da mashaya da wuraren bukukuwa, inda ake haɗa gwaje-gwajen kimiyya da waƙa da raha, a gaban 'yan kallon da wasunsu rabonsu da littafin lissafi tun ranar da suka rubuta jarrabawar ƙarshe ta sakandare.

To shin daga ina wannan salo ya samo asali, me ke sa mutane dariya a cikin alƙaluma, kuma me ya sa wasu masana ke ɗari-ɗari da shi?

Tushen abin

Kallon kimiyya a matsayin nishaɗi ya daɗe a Turai. A farkon shekarun 1800, masanin haɗa sinadarai Humphry Davy ya riƙa gabatar da laccoci masu ɗauke da gwaje-gwaje a cibiyar Royal Institution da ke Landan, inda attajirai da matansu ke tururuwa, har cunkoson kekunan doki ya sa aka mayar da titin Albemarle hanya ɗaya.

Davy ne ya yi nazari mai zurfi a kan wata iskar gas da ake kira iskar dariya, wadda ke sa wanda ya shaƙe ta annashuwa da ƙyalƙyala dariya. A shekarar 1800 ya rubuta cewa iskar na gusar da zafin ciwo, don haka za a iya amfani da ita wajen tiyata. Likitocin zamanin ba su kula da shawarar ba.

Masu yawon nuna abubuwan ban mamaki ne suka ɗauki iskar, suna bi gari-gari suna shaƙa wa mutane a kan dandali domin jama'a su yi dariya.

A daren 10 ga watan Disamba na 1844, wani mai irin wannan wasa, Gardner Colton, ya yada zango a birnin Hartford na Amurka. A cikin 'yan kallo akwai wani likitan haƙori mai suna Horace Wells, wanda ya lura cewa ɗaya daga cikin waɗanda suka shaƙi iskar ya buge ƙafarsa ya ji rauni, amma bai nuna alamar jin zafi ba.

Washegari Wells ya sa aka shaƙa masa iskar, wani abokin aikinsa ya cire masa haƙori ba tare da ya ji zafi ba. Ko da yake gwajin da ya yi a gaban ɗaliban likitanci a Boston a 1845 bai yi nasara ba, masana tarihin likitanci na lissafa shi a cikin waɗanda suka buɗe ƙofar yin tiyata ba tare da azaba ba. Abin da Davy ya rubuta ya shafe shekara 44 a ajiye kafin a gan shi a aikace, kuma a wurin wasan dariya aka gan shi.

A ƙarni na 20 kuma an samu Tom Lehrer, malamin lissafi da ya yi karatu a jami'ar Harvard, wanda ya yi suna da waƙoƙin shaguɓe da yake rerawa yana kaɗa fiyano. A 1959 ya jera sunayen sinadarai 102 da aka sani a lokacin a cikin waƙa guda mai saurin gaske. Ya rasu a watan Yulin 2025 yana da shekara 97.

Sabon yayi a Birtaniya

Salon da ake gani a yau ya bunƙasa ne daga ƙarshen shekarun 2000. A 2008 ɗan wasan barkwanci Robin Ince ya fara shirya taron ƙarshen shekara a gidan wasan Bloomsbury da ke Landan, inda masana kimiyya da mawaƙa da masu ba da dariya ke hawa dandali ɗaya bayan ɗaya.

A 2009 shi da masanin fiziks Farfesa Brian Cox suka fara wani shirin rediyo mai suna The Infinite Monkey Cage, wanda ake ɗauka a gaban 'yan kallo. Daga bisani sun yi rangadi a manyan zauruka masu ɗaukar dubban mutane, har sunan Farfesa Cox ya shiga kundin bajinta na Guinness saboda yawan tikitin da aka sayar a rangadin kimiyya.

Wata ƙungiya da ta yi fice ita ce Festival of the Spoken Nerd, wadda mutum uku suka kafa a Landan. Helen Arney ta karanta fiziks a Imperial College, kuma tana rera waƙoƙin kimiyya da wata 'yar ƙaramar jita mai tsirkiya huɗu. Steve Mould ya karanta fiziks a Oxford, shi ne mai gwaje-gwaje. Na ukunsu Matt Parker ɗan Ostareliya ne, tsohon malamin lissafi a makarantar sakandare.

Ɗaya daga cikin wasannin Parker shi ne nuna wa 'yan kallo cewa duk hoton da ke cikin waya ko kwamfuta jadawalin lambobi ne kawai. Yakan ɗauki hoto ya zuba shi a manhajar Excel, kowane gida na jadawalin ya ɗauki lambar da ke nuna ƙarfin launin ja ko kore ko shuɗi. Idan aka matso kusa lambobi ake gani, idan aka ja da baya sai fuskar mutum ta bayyana.

A 2017 ya kai ƙorafi ga gwamnatin Birtaniya a kan hoton ƙwallon ƙafa da ke jikin allunan hanya masu nuna filin wasa. An zana ƙwallon ne da gidaje masu kusurwa shida zalla, alhali a lissafi ba zai yiwu a ɗinka ƙwallo da su kaɗai ba, domin idan aka jera su shimfiɗa suke yi kamar daɓe. Ƙwallon da aka saba gani na da gidaje 20 masu kusurwa shida da kuma 12 masu kusurwa biyar, kuma waɗannan 12 ɗin ne ke sa fatar ta lanƙwashe ta haɗe.

Mutum sama da 20,000 ne suka sa hannu a takardar koken. Gwamnati ta ƙi sauya hoton, tana mai cewa direbobi na gane alamar yadda take. Amma kafin a kai ga haka, jaridu sun yi wa miliyoyin masu karatu bayanin wata ƙa'ida ta lissafi da ba su taɓa tunanin za ta shafi ƙwallo ba.

Ina abin dariya a cikin lissafi?

Barkwanci kan ginu ne a kan ba-zata: mai magana ya kai hankalin mai sauraro gabas, sannan ya ɓullo ta yamma. Kimiyya da lissafi cike suke da wuraren da abin da hankali ya zata ke saɓa wa abin da yake tabbas, kuma a nan masu wannan sana'a ke samun abin yi.

Wani misali da aka daɗe ana amfani da shi shi ne na ranar haihuwa. Mutum nawa ya kamata su taru a ɗaki kafin a ce zai fi yiwuwa biyu daga cikinsu su haɗa rana da watan haihuwa? Da yake kwana 365 ne a shekara, akasarin mutane kan ce sai an tara wajen 180.

Amsar ita ce 23, wato adadin 'yan wasan da ke cikin filin ƙwallo idan aka haɗa da alƙalin wasa. Dalili kuwa shi ne ba mutum ɗaya ake gwadawa da sauran ba, kowa ake gwadawa da kowa. Mutum 23 na ba da hanyoyi 253 na haɗa su bibbiyu, abin da ke kai yiwuwar zuwa kashi 50 da ɗoriya cikin ɗari. Idan mutanen suka kai 70, yiwuwar ta kai kashi 99.9 cikin ɗari.

A kan allo wannan darasi ne mai gundura. A cikin zaure kuwa, mai wasa na iya umartar layi biyu ko uku na 'yan kallo su riƙa faɗin ranar haihuwarsu da ƙarfi, har wani daga can gefe ya zabura ya ce tasa ce. Dariyar da ke ɓarkewa ta mamaki ce, kuma da wuya wanda ya ga haka ya manta da lambar.

Haka nan batun naɗe takarda. Idan kaurin takarda kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, kuma kowane naɗi na ninka kaurin sau biyu, to da za a iya naɗe ta sau 42 da kaurinta ya kai kimanin kilomita 440,000, wanda ya zarce tazarar kusan kilomita 384,000 da ke tsakanin duniya da wata. Irin wannan ninki ne ke bayyana yadda annoba ke bazuwa, da kuma yadda bashi mai ruwa ke taruwa a kan wanda ya ci.

Kurakuran masana ma sun zama abin raha. A 2019 Parker ya wallafa littafi mai suna Humble Pi a kan ɓarnar da kuskuren lissafi ke haddasawa. Daga cikin irin waɗannan kurakurai akwai yadda manhajar Excel ke mayar da sunayen wasu ƙwayoyin gado, kamar SEPT2 da MARCH1, zuwa kwanan wata ba tare da an umarce ta ba. Wani bincike da aka yi a Ostareliya a 2016 ya gano irin wannan kuskure a kusan kashi ɗaya cikin biyar na maƙalun da aka duba. A ƙarshe, a 2020 aka bayyana cewa kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna ya sauya sunayen guda 27 domin kauce wa matsalar.

Wani lokaci wasan kan haifar da sabon bincike. A 2013 Steve Mould ya nuna yadda doguwar sarƙa mai ƙananan ƙwallayen ƙarfe, mai kama da carbi, ke yi idan aka zuba ta a kofi aka saki bakinta ƙasa. Maimakon ta zame ta gefen kofin, sai ta yi tsalle sama kamar ruwan famfo kafin ta lanƙwaso.

Masana biyu na jami'ar Cambridge, John Biggins da Mark Warner, sun bi diddigin abin suka wallafa sakamakon a 2014. Sun nuna cewa kowane ɗan yanki na sarƙar na aiki ne kamar gajeren sanda: idan aka ɗaga kai ɗaya, ɗaya kan na danna tarin da ke ƙasa, tarin kuma ya turo shi sama. Yanzu ana kiran wannan al'amari da sunan Mould.

Malaman jami'a a kan dandali

Wani reshe na wannan harka shi ne wanda masu binciken da kansu ke hawa dandali. A 2006 aka fara gasar Science Slam a birnin Darmstadt na Jamus, inda ake bai wa kowane matashin mai bincike minti goma ya bayyana aikinsa, sannan 'yan kallo su zaɓi gwani, sau da yawa ta hanyar ƙarfin tafi. Gasar ta bazu zuwa biranen Jamus da dama da wasu ƙasashe.

A 2009 jami'ar UCL da ke Landan ta ɓullo da Bright Club. A nan ana horar da malamai da ɗaliban digiri na uku dabarun barkwanci, sannan a kai su wurin shaƙatawa su yi wa baƙin ido bayanin bincikensu, tare da ƙwararren mai ba da dariya da ke jan ragamar taron. Manufar ita ce a kai ga manyan mutanen da ba su da wata alaƙa da jami'a.

Akwai kuma gasar FameLab da aka fara a bikin kimiyya na Cheltenham a 2005, mai bai wa kowa minti uku kacal. An gudanar da ita a ƙasashe da dama, ciki har da Masar da Afirka ta Kudu.

Ga mai bincike, wannan jarrabawa ce mai wuya. A taron ƙwararru, ko ba a fahimce shi ba za a yi shiru a tafa masa. A gaban mutanen da suka biya kuɗi domin su yi dariya, shiru na nufin ya faɗi.

Kyautar Ig Nobel

Taron da ya fi kowanne suna a duniya shi ne bikin ba da kyautar Ig Nobel, wanda Marc Abrahams ya fara a Amurka a 1991. Kowace shekara ana ba da kyauta goma ga binciken da ke sa mutum dariya da farko, daga baya kuma ya sa shi tunani. An shafe shekaru da dama ana yin bikin a zauren Sanders na jami'ar Harvard, kuma masu riƙe da ainihin kyautar Nobel ne ke miƙa lambobin.

Daga cikin al'adun bikin akwai jifan dandali da jiragen takarda, da kuma wata yarinya 'yar shekara takwas da ke zuwa gaban duk wanda ya tsawaita jawabi ta riƙa nanata masa cewa ta gaji har sai ya yi shiru. An kuma sha bai wa waɗanda suka yi nasara takardar kuɗin Zimbabuwe ta dala tiriliyan goma, wadda hauhawar farashi ta mayar ba ta da wata daraja.

Farfesa Roy Glauber na Harvard ya shafe shekaru yana share jiragen takardar da tsintsiya. A 2005 bai samu halarta ba, kuma a shekarar ce ya ci kyautar Nobel ta fiziks.

Shi kuwa Andre Geim ya samu Ig Nobel a shekarar 2000 saboda ya yi amfani da maganaɗisu mai ƙarfi ya sa kwaɗo mai rai ya tsaya a cikin iska. Bayan shekara goma ya samu Nobel ta gaske saboda aikinsa a kan girafin, wani nau'in gawayi mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya.

Masu iya magana na cewa da wasa ake faɗa wa wawa magana, kuma wasu daga cikin kyaututtukan na shaguɓe ne tsantsa. A 2005 an bai wa 'yan damfarar intanet na Najeriya, waɗanda aka fi sani da 'yan 419, kyautar adabi saboda ƙagaggun labaran da suke aika wa mutane ta imel.

Masu ɗari-ɗari

Ba kowa ke maraba da wannan salo ba. A 1995 babban mai bai wa gwamnatin Birtaniya shawara kan kimiyya, Robert May, ya nemi masu shirya Ig Nobel su daina saka masanan ƙasarsa, saboda fargabar cewa za a mayar da bincike mai muhimmanci abin ba'a.

Fargabar na da tushe. Daga 1975 zuwa 1988 wani sanata a Amurka, William Proxmire, ya riƙa ba da wata lambar izgili ga ayyukan da yake ganin ɓarnar kuɗin jama'a ne, ciki har da binciken kimiyya. Ɗaya daga cikin waɗanda abin ya shafa, Ronald Hutchinson, mai nazarin dalilin da ke sa birai cije haƙora idan sun fusata, ya kai shi ƙara bisa ɓata suna. Shari'ar ta kai Kotun Ƙoli a 1979, daga bisani sanatan ya biya diyya ya kuma nemi afuwa.

Wannan ya nuna cewa dariya ɗaya na iya jawo mutane zuwa ga bincike, tana kuma iya zama hujjar yanke masa kuɗi. Bambancin na ga ko an tsaya a kan taken binciken mai ban dariya, ko kuwa an ƙarasa bayanin abin da ake nema a gano.

Suka ta biyu ita ce ta wa ke zuwa kallo. Wani masanin zamantakewa na jami'ar Brunel, Hauke Riesch, ya yi nuni a wata maƙala ta 2015 cewa raha na iya haɗa kan waɗanda suka riga suka san abin, ta kuma bar saura a waje. Idan sai mai digiri ne zai gane barkwancin, ko kuwa ana yi wa marasa ilimin kimiyya ba'a ne, to taron na iya ƙara nesanta mutanen da aka ce ana son jawowa.

Akwai kuma matsalar lokaci. Minti goma ba ya isa a faɗi iyakokin bincike da shakkun da ke tattare da shi, kuma mai neman tafi na iya zaɓar abin da ya fi daɗin ji a kan abin da ya fi inganci.

Masu kare salon na cewa sharaɗinsa shi ne abin da aka faɗa ya zama gaskiya, domin idan lambar ƙarya ce babu mamaki a cikinta, kuma a cikin 'yan kallo ba a rasa wanda zai ciro waya ya duba.

Daga cuku zuwa tarkon sauro

Misalin da ake yawan kawowa wajen wannan muhawara ya shafi zazzaɓin cizon sauro. A 2006 aka bai wa wasu masana biyu, Bart Knols da Ruurd de Jong, kyautar Ig Nobel saboda sun nuna cewa macen sauron da ke yaɗa cutar a Afirka na bin warin wani cuku mai suna Limburger kamar yadda take bin warin ƙafar ɗan Adam. Ƙwayoyin bakteriya masu dangantaka da juna ne ke haddasa warin a wuraren biyu.

An yi dariya a zauren, amma tambayar da ke bayan binciken ita ce yadda sauro ke gano mutum a cikin duhu. Idan aka san warin da yake bi, za a iya yaudararsa da shi.

Masana na jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan, inda aka yi wancan aiki, sun ci gaba da bin wannan hanya tare da takwarorinsu na Kenya. Sun girka tarkuna masu aiki da hasken rana, masu fitar da wari irin na jikin mutum, a gidajen tsibirin Rusinga da ke tafkin Biktoriya.

Sakamakon da mujallar likitanci ta The Lancet ta wallafa a 2016 ya nuna cewa yawan babban nau'in sauron da ke yaɗa cutar a tsibirin ya ragu da kimanin kashi 70 cikin ɗari, yayin da masu ɗauke da cutar suka ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari a gidajen da aka saka wa tarkon.